Zuciyar da Ake Gwada Na'ura da Ita

Shekara ashirin da uku Baba Samfur ya yi yana tura keken marasa lafiya a asibitin koyarwa, amma in ka tambaye shi aikinsa ba za ka ji ya ambaci keke ba. Sai ya dube ka sama da ƙasa, ya daki ƙirjinsa da tafin hannu, ya ce, "Ni ake dubawa."

Kuma gaskiyarsa. Abin ya samo asali ne tun yana sabon ɗauka, ranar da aka kawo wa sashen zuciya na'urar ɗaukar hoto ta farko. An jona ta, an kunna, sai aka rasa wanda za a gwada ta a kansa. Likitoci duk suka noƙe, kowa na jin nauyin tuɓe riga a gaban na ƙasa da shi. Shi kuwa ya turo wata tsohuwa ke nan, ya tsaya bakin ƙofa yana leƙe, don tun fil azal ba a yin abu a bayan idonsa. Farfesa, shugaban sashen, ya yafuto shi da hannu. Kafin a gama ce masa ya cire riga, har ya ninke ta ya haye gado.

Aka shafa masa man nan mai sanyi a ƙirji, aka ɗora kan na'urar, sai ga zuciya ta fito a allo tas, ɗakunanta huɗu, ƙofofinta suna buɗewa suna rufewa ba gardama. Farfesa ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ya ce wa ɗalibai, "Ku buɗe ido. Ko a littafi ba za ku ga wadda ta fi wannan ba. Wannan shi ne samfur." Sunan ya bi shi tun daga ranar, har sunansa na yanka ya ɓace a asibitin.

Daga nan ya zama al'adar sashen. Duk na'urar da aka kawo, a ƙirjinsa ake fara gwada ta. Duk ɗaliban da suka zo, a kansa suke koyon riƙe kan na'ura. Ya san kwanciyar, gefen hagu, hannu ƙarƙashin kai. Ya san lokacin da za a ce ya riƙe numfashi tun kafin a faɗa. In ɗalibi ya rikice yana ta lalube a kan ƙashi, sai ya kama hannunsa ya ce, "Sauko kaɗan, ɗana, tsakanin haƙarƙari za ka nema. Karkata. Yauwa! Gaishe ta mana, ba ka ga tana ɗaga maka hannu ba?" Idonsa kuwa ba ya barin allon, kamar mai kallon ɗansa a filin wasa.

An buga hoton zuciyar tasa an rataye a barandar sashen, an rubuta "Lafiyayyar zuciya" a ƙasa. A nan ne marasa lafiya suke shan wahalarsa. Mutum na nishi a kan keke yana neman a kai shi gado, Baba Samfur zai taka birki daidai hoton ya ce, "Ka ga wannan? Tawa ce. Kai ma da ikon Allah haka taka za ta koma." Wasu su yi dariya, wasu su yi tsaki, shi duk ɗaya ne a wurinsa. Ya daina shan sukari. Ba ya hawa lif sai in da mara lafiya a gabansa, bene huɗu yake takawa da ƙafa. Ko faɗa aka tsokane shi sai ya yi murmushi ya ce shi ba zai ɓata kayan asibiti a kan ƙaramar magana ba.

Mutum ɗaya ce wannan sarauta ba ta burge ba, matarsa. Tela ce, kekenta na ɗinki a ɗakin da ke bakin ƙofar gida, tef ɗin awo kullum a wuyanta. In ya dawo yana ba da labarin ɗalibai nawa suka kalle shi yau, ko ɗaga kai ba ta yi daga kan yadi. "Baban yara," take cewa, "mutane na cire riga a yi musu allura, kai kana cirewa a tafa maka. Miƙo mini almakashi."

A shekara ta ashirin da uku aka sayo sabuwar na'ura, ƙatuwa, mai launi, wadda aka ce ko gashi ne a cikin zuciya sai ta nuna shi. Tsohuwar tuni an loda ta a mota an kai wani reshe. Baba Samfur ya sha aski, ya sa an goge masa riga, duk da ya san cire ta zai yi. Ɗakin ya cika maƙil. Mai Hoto, matar da ke aiki da na'urar, wadda ta yi shekara goma sha biyar tana shafa masa man nan har yana kiranta 'yarsa, ta ɗora masa kan na'urar tana dariya.

Zuciya ta fito, kyakkyawa kamar kullum. Sai dai a ɗakin sama na dama akwai wani dunƙulen abu toka-toka, manne da bango, wanda ba a san shi a wurin ba.

Mai Hoto ta goge kan na'urar, ta ƙara mai, ta sake ɗorawa. Yana nan. Farfesa, wanda yanzu kansa ya yi fari fat, ya matso ya gyara tabarau. "Inuwa ce," in ji shi. "Na'urar ce ba a saita ta daidai ba."

Baba Samfur ya tashi zaune, mai na gangara masa a ciki, ya tafa hannu. "Jabu! Wallahi jabu suka sayar muku! Shekara ashirin da uku ana duba ɗakin nan a share, yau baƙuwa ta zo ta ce ta ga shara?"

Ɗakin ya ɓarke da dariya, har da masu riƙe ciki. Mutanen da ke cikin ɗakin nan fa ba ƙananan masana ba ne, da wani aka kawo daga titi aka ga wannan dunƙulen, da kafin azahar an cika takardu. Amma wannan Samfur ne. Shi ne ma'aunin, kuma ba wanda ya taɓa tunanin a auna ma'auni. Nan take Farfesa ya yanke hukunci cewa na'urar da ta yi wa Samfur ƙarya ba za a ɗora ta a kan mara lafiya ba. Aka lulluɓe ta da zanen gado, aka rubuta wa kamfani takarda mai zafi, aka koma aron wata 'yar ƙarama daga sashen gaggawa.

Injiniyan kamfani ya zo bayan mako biyu, ya kwance, ya hura, ya ɗaure, ya canza kan na'urar. Da za a gwada, wa za a kira? Samfur. Dunƙulen ya fito, har ya ɗan ƙara girma. "Ka ga ni ko?" in ji Baba Samfur. "Gyaran naka ma ƙara ɓata ta ya yi." Injiniya ya share gumi, ya ce zai aika a kawo wani ƙarfe daga waje. Aka sake lulluɓe ta.

Abin da Baba Samfur bai gaya wa kowa ba shi ne, ya fi wata biyu bene yana gagararsa. A hawa na biyu yakan tsaya ya duƙa kamar mai ɗaure igiyar takalmi, alhali takalminsa ba shi da igiya. Ya koma hawa lif a ɓoye. Da yamma ƙafafunsa su kumbura, takalmi ya matse shi. Ya sani sarai jikinsa ya canza, amma tsoro ya rufe masa baki. Ba mutuwa yake tsoro ba a lokacin, ko kusa bai kawo ta a ransa ba. Tsoronsa kada a sauke hoton nan daga bango, a ce ya gama aiki. Ga shi an ɗauki wani sabon mai gadi mai faɗin ƙirji, wanda Baba Samfur ya tsana tun ranar farko ba tare da bawan Allahn ya yi masa komai ba.

A gida kuwa labarin jabun na'ura ya zama abincin kullum. Ran nan yana cikin maimaita shi, har da kwaikwayon fuskar injiniya, matarsa ta ce ya tsaya ta auna shi, wandunansa duk sun yi masa yawa. Ta zagaya tef a ƙugunsa, ta duba, ta sake zagayawa. Ta durƙusa za ta auna tsawo, sai ta danna ƙaurinsa da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ta miƙe a hankali.

"Baban yara, bayan kai wa aka gwada da na'urar nan?"

"Wa za a gwada? Ni ne samfur."

"Ba a ɗora ta a kan kowa ba? Ko mutum ɗaya?"

"Ke, an ce miki lalatacciya ce."

Ta naɗe tef ɗin a hannunta. "Ni dai ban yi karatun likita ba. Amma in na auna mutum tef ya ba ni abin da ban zata ba, ba na jefar da tef. Kaina nake aunawa in gani. Gobe tare za mu fita."

Ya yi rantsuwa, ya yi magiya, ya ce za ta ba shi kunya a gaban manya. Da safe ta riga shi sa takalmi.

Mai Hoto tana ganinta ta taso da murna. "Mama! Yau ke ce a wurinmu? Lafiya dai?"

"Lafiya ƙalau, 'yata. Yaye zanen nan, ni za ki gwada."

"Ai Mama, na'urar ba ta aiki."

"To me za ki rasa? Kai kuma fita waje, mata za su yi magana."

Aka ja labule, aka bar Baba Samfur a baranda ƙarƙashin hotonsa yana cika yana batsewa. Yana jiyo muryar matarsa daga ciki. "Wayyo! Wannan man da sanyi yake! Ashe abin da yake sha ke nan shekara da shekaru, ya dawo mini gida yana fahariya?" Mai Hoto tana ta ƙyalƙyala dariya. Can sai dariyar ta ɗauke ɗif. Sai ga Mai Hoto ta fito da gudu, ta wuce shi ko kallonsa ba ta yi ba, ta nufi ofishin Farfesa.

Zuciyar tela ta fito a allo fes, ɗakuna huɗu, ba inuwa ba shara. Aka kira sabon mai gadin nan, shi ma fes. Sannan aka ce Baba Samfur ya hau. Karon farko a rayuwarsa ya hau gadon nan ba tare da ya ninke rigarsa ba. Dunƙulen yana nan inda aka bar shi, ya kusa cinye rabin ɗakin.

Farfesa ya cire tabarau, ya nemi kujera ya zauna. "Samfur," in ji shi, "mako biyar na'urar nan tana gaya mana gaskiya muna ƙaryata ta. Laifina ne. Ka yafe mini."

Daga nan komai ya tafi da gudu, kamar asibitin gaba ɗaya yana neman rama kwanakin da ya ɓatar. Aka tura shi cikin babbar na'urar nan mai kama da rami, ta yi ta ƙara a kansa. Aka zura siririn bututu ta jijiyar wuyansa har cikin zuciya, aka gutsuro ɗan ƙaramin abu aka kai ɗakin bincike. Bayan kwana shida Farfesa ya zaunar da su shi da matarsa, ya yi musu bayani dalla-dalla. Ƙari a zuciya, in ji shi, ba kasafai ake ganinsa ba, kuma yawancin wanda ake gani ba mai yaɗuwa ba ne, a cire shi a huta. Nasa ba irin wannan ba ne. Ciwon daji ne, kuma ba daga wani wuri ya taso ya zo ba, a bangon zuciyar kanta ya tsiro. Shekara arba'in yana wannan aiki, a littafi kawai ya taɓa ganinsa.

Baba Samfur ya juya maganar a ransa. Sannan ya ɗago. "Ranka ya daɗe, da ina da lafiya kun ce ba irina. Yanzu da ciwo ma ba irina?"

"Ba irinka."

Ya juya ya dubi matarsa, fuskarsa har da ɗan haske. "Kin dai ji da kunnenki."

"Na ji," in ji ta. "Allah ya shirye ka." Tana faɗa tana share ido da bakin mayafi. Shi ma da ya shiga banɗaki ya rufe ƙofa, sai ya dafa bango ya yi kuka sosai, don a lokacin ne tsoro na gaskiya ya iso masa. Ya wanke fuska ya fito yana tsokanar masu shara.

Likitan tiyata wani dogo ne marar magana, wanda ko gaisuwa da kai yake amsawa. Ya zana musu a takarda yadda zai yi. Za a ɗora Baba Samfur a kan injin da zai riƙe masa aikin zuciya, a tsayar da tasa, a yanke ƙarin tare da bangon da ya kama, sannan a toshe gurbin da ƙyallen da za a yanko daga jakar da zuciyar take ciki.

"Faci ke nan," in ji tela.

Likita ya gyaɗa kai. "Faci ne, Mama."

"To zauna. Wane irin ɗinki za ka yi? Ka san abin da ke motsi ba a matse masa ɗinki, yagewa yake yi. Kuma kada ka ja zare da ƙarfi a kwana, tattarewa zai yi. Mu ga zaren."

Dogon nan da ma'aikata ke tsoron ko yin tari a gabansa, sai ga shi ya aika an kawo zare, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta ja, ta murza, ta ɗaga shi a haske. "Ba laifi," in ji ta. An ce ranar ce aka fara ganin haƙoransa a asibitin.

Ranar tiyata masu tura keke su shida suka yi ta rigima a kan wa zai tura shi, a ƙarshe duka suka kama gadon. Shi kuwa yana kwance yana ba da umarni. "A hankali a kwanar nan, ƙafar baya tana ja hagu! Kai, haka na koya maka shiga lif? Da baya ake shiga!" Da suka zo daidai hotonsa a baranda, ya rufe ido har suka wuce.

Awa bakwai aka yi. Facin ya zauna. Bayan ya warware aka shiga ba shi maganin daji ta jijiya, zagaye shida, kowane zagaye ya kwantar da shi kwana huɗu yana amai. An gargaɗe shi gashin kansa zai zube, ya shafa sanƙonsa ya ce maganin ya makara, an riga shi. Gira ce dai ta tafi, ita kam ya yi kewarta. Farfesa bai ɓoye musu komai ba. An cire duk abin da ido ya gani, amma a gefe ɗaya ƙarin ya matsi babbar jijiya, wuƙa ba ta samu sarari yadda ake so ba. Irin wannan ciwon yana dawowa, sau da yawa ma da wuri. Za a riƙa duba shi duk bayan wata uku, kuma ba wanda zai yi masa alkawarin shekaru.

Ranar duba ta farko ya zo sanye da rigar da matarsa ta ɗinka masa, mai maɓallai a gaba, don har yanzu ɗaga hannu sama yana ja masa tabon. Tun daga bakin baranda yake satar kallon bango. Hoton yana nan. Kusa da shi an rataye na biyu, mai dunƙulen nan, a ƙarƙashinsu kuma an rubuta da hannun Farfesa, "Mutum ɗaya ne. Ka duba abin da ke gabanka." Mai Hoto ta raɗa masa cewa yanzu doka ce, mutum biyu ake gwada kowace na'ura da su, kuma mai gadi ne ke kwanciya wa sababbin ɗalibai.

"Wancan? Ko riƙe numfashi bai iya ba."

"Shiga dai ka gani, Baba."

Ɗakin bai taɓa cika haka ba. Ɗalibai, manyan likitoci, har da baƙi daga wasu asibitoci, wasu a tsaye kan kujeru, duk sun zo ganin zuciyar da aka yi wa faci. Baba Samfur ya tsaya a bakin ƙofa, bakinsa har kunne. "Maman yara, kin gani? Mai gadi ya taɓa tara rabin wannan?"

"Hau gado, mutane na jira."

Ya ɓalle maɓallai, ya ninke rigar tsaf, ya miƙa mata. Ya kwanta a gefen hagu, hannu ƙarƙashin kai. Farfesa ya ba wata sabuwar likita kan na'urar, ta ɗora a kan ƙashi. Baba Samfur ya kama hannunta kamar yadda ya saba, ya sauko da shi tsakanin haƙarƙari. Jama'a suka gyara tsayuwa suna jiran barkwancin da aka ba su labari.

"'Yata," in ji shi a hankali, "ɗakin sama na dama. Kada ki ji nauyina, kada ki yarda da dariyata. Duba da kyau."

Sannan ya kawar da kai daga allon. Shekara ashirin da uku bai taɓa yin haka ba. Ya kafa wa matarsa ido, tana tsaye rungume da rigarsa, ita ma shi take kallo. Ba wanda ya ce ya riƙe numfashi, amma ya riƙe. Likitar ta karkata kan na'urar, ta koma, ta sake karkatawa. Ta dubi Farfesa, Farfesa ya matso da tabarau, ya daɗe, ya gyaɗa kai.

"Babu komai, Baba," in ji ta. "A share yake."

Ya saki numfashin, ɗakin gaba ɗaya ya saki tare da shi. Matarsa ta matso ta goge masa man da ke ƙirjinsa, ta sa masa rigar, ta shiga ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya. A na uku yatsunta suka kasa samun ramin, ita da ta yanka shi da hannunta. Ya riƙe hannun nata.

"Wata uku ke nan mun samu," in ji shi. "Ki ɗinka mini wata rigar, mai launi. Kin ga yawan mutanen da ke zuwa."